Albasar Tasalla

Da asuba nake isa Mil Sha Biyu,
kafin 'yan dako su gama kurkure baki,
in shimfiɗa buhu kan taɓon jiya,
in tsaya jiran motar Ɗanjuma.
Shekara goma sha huɗu ke nan.
Albasar Galmi ce, ja, mai cika tafin hannu,
yayata Tasalla ke dasa ta a bakin fadama,
ni nake kasa ta a Ikko.
Nono ɗaya muka sha, ƙasa biyu muka zauna,
ba mu taɓa sa iyaka cikin lissafi ba.

Sai ranar da rediyon mai shayi ya ce
an fice daga ƙungiya.
Maza suka cika benci da musu,
wannan ya ce 'yanci, wancan ya ce ganganci,
shayi na hucewa a hannunsu.
Ni ina gefe ina tsince ruɓaɓɓu.
Ba wanda ya tambaye ni,
ni ma a lokacin ban da amsa.

Yanzu ina da ita.
Da, kwana huɗu mota ke yi.
Bana Ɗanjuma ya kwana tara a Ƙwanni,
takarda ta haifi takarda,
bango ya tsage, ƙadangaru sun sami ɗaki,
kowane shinge da hannunsa a miƙe.
Albasa kuwa ba ta san hatimi ba.
Tsiro take cikin buhu, tana zub da ruwa.
Arba'in aka loda,
sha bakwai na zubar a bayan kwata,
awaki ma suka shinshina suka wuce.

Iya Bose mai tuwo a Ketu,
wadda ke ɗaukar kwando biyu bashi duk Litinin,
ta ji farashi, ta tafa hannu,
ta ce, "Barira, har ke?"
Har ni, Iya.
Ta sayi rabin kwando, ba ta waiwayo ba.

Mu goma sha ɗaya ne a adashin Agege.
Ladingo mai kanwa, kanwarta ta daina zuwa.
Atine da ke kai atamfa da robobi Maraɗi
ta sayar da keken ɗinki ta cike zubin bara.
Uwar adashi ta buɗe littafi ranar Juma'a,
layi bayan layi babu alama.
Kwasata ce wannan watan.
Na karɓi rabi, na ƙulle a bakin zane,
sauran rabin aka ba ni haƙuri.

Haƙuri ba ya biyan mai gida.
Ba ya biyan kuɗin jarrabawar Zinatu,
wadda ta ce, "Inna, bari in dinga bin ki kasuwa,"
na ce ta rufe mini baki ta ɗauki jakarta.
Abin da ya rage in tura Galmi,
ɗan canji ya gutsure kunnensa
tun kafin naira ta zama sefa.

An ce zumunta a ƙafa take.
Tamu a taya take,
kuma an sace wa tayar iska.

Shekaranjiya na sari ta Aliero.
Buhu shida. Ba iyaka tsakanina da ita,
ta iso busasshiya, bawonta na ƙara.
Kafin la'asar ta ƙare tas.
Iya Bose ta dawo da kwandonta biyu.
Na ƙirga ciniki sau uku,
na sayi shinkafa, har da kifi,
na kasa haɗiye loma ta biyu.

Domin saƙon murya na nan a wayata tun Laraba.
Iska na kaɗawa a bayan maganarta,
ina jin jaki, ina jin injin ban ruwa:
"Barira, mun fara cira, bana ta yi kyau.
Buhu nawa zan ɗaure miki?"

Na saurara sau tara.
Na danna zan amsa,
danfo ya yi oda a bakin titi,
na ɗauke yatsa.